Shaidar da Mashud Bai Bayar Ba

Shagona na ɗinki da shagon Mashud bango ɗaya ya raba su, shi ma na katako ne, ina jin tarinsa yana jin ƙarar kekena. Mun fi shekara ashirin muna jere a bakin babbar hanyar Nima, daidai inda motocin haya ke tsayawa su kwashi masu zuwa Tudu. Ni ne Awudu tela, shi kuma Mashud mai gyaran rediyo. Abin da zan faɗa a kansa, wani na gani da idona, wani shi ya gaya mini da bakinsa daga baya, ya kuma ce in faɗa wa duk wanda na ga dama.

Mahaifinsa ɗan sanda ne tun zamanin Turawa, mutumin arewa da kaki ya kawo shi Akra bai koma ba. Matarsa Mma Amama ta haifi shida, biyu suka rayu: Mashud da ƙanwarsa Safia, wadda ya ba shekara goma sha ɗaya. Tsohon ya sa Mashud a boko lokacin da yawancin iyayenmu ke ɓoye 'ya'yansu in an zo rubuta suna. Da safe boko, da yamma allo. Bai kai ga sakandare ba uban ya rasu, sai aka kai shi wurin wani Bayarabe ya koyi gyaran rediyo. A 1972 ya buɗe nasa shagon, da teburi ɗaya, da ƙarfen narka dalma, da benci guda a ƙofa.

Bencin nan ya fi teburin suna. Shekarun saba'in ne, lokacin da muke kwana da gwamnati ɗaya mu tashi da wata. Da an ji kiɗan soja a rediyo da sassafe, sai ka ga mahauta da direbobi da masu goro sun nufo shagon Mashud. Yakan ɗaga hannu a yi tsit, ya saurari Turancin har ƙarshe, sannan ya juya mana shi zuwa Hausa, ya ƙara da abin da yake ganin zai biyo baya. Yana sayen jarida kullum, ko da bai karya ba. In gardama ta yi zafi a wurin mai shayi, sai wani ya ce, "To ai Mashud ya faɗa," magana ta ƙare.

Ba shi da rowa, ba shi da mugunta. Tsofaffi da yawa ya gyara musu rediyo bai karɓi komai ba. Abu ɗaya ne dai: yana son wannan kalma ta "Mashud ya faɗa" fiye da yadda ya sani yana sonta.

Safia ta yi aure a 1984. Mijinta Kadiri direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga arewa ya sauke a kasuwar Agbogbloshie. Mutum ne mai shiru, baƙi dogo, in ya yi magana biyu a yini ya yi da yawa. Sun kama ɗaki a Mamobi, tsallaken babbar kwata, tafiyar minti goma daga gidan Mma Amama. Safia tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidan, kuma duk la'asar takan tsallako ta duba tsohuwa, ta share mata ɗaki, ta shafa mata man zafi a gwiwa.

Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, ta bi layin asibiti. Ta raini 'ya'yan maƙwabta har wasu suka shiga makaranta. Ranar sunan wasu ita ce ta farko wurin tukunya, ita ce kuma ta farkon komawa gida.

Wata safiya a 1995 suka zo shagon ita da Kadiri, riƙe da wata babbar ambulan. Mashud ya tashi mutanen benci, ya ja ƙofa. Wani likita ne a wani asibitin kuɗi da ke wajen gari ya ce musu yanzu ana iya ɗaukar ƙwan mace da ruwan mijinta a haɗa su a waje, in sun haɗu a mayar cikin mahaifarta. Takardun duk Turanci ne mai wuya.

Safia ta ce, "Yaya, ko Mma ba ta sani ba. Kai kaɗai ne, don kai za ka karanta mana. Ka yi mini alkawari."

Ya ce, "Haba Safia. Ni da ke?"

Ta ce, "Ka dai faɗa."

Ya ce ya yi alkawari, Allah ne shaida.

Kadiri ya ƙi sa hannu sai an tambayi malami. Suka je su uku wurin wani malami da ya yi karatu a Misira, wanda a lokacin yake koyarwa a cikin gari. Ya saurare su, ya ce in ruwan na mijin ne, ƙwan na matar ne, auren yana nan, kuma a cikinta za a mayar, to magani ne kamar kowane magani. Haram ɗin shi ne a shigo da na uku. Ya ce su tabbatar da idonsu cewa ba a gauraya ba.

Saboda haka Mashud ya bi su asibitin har sau biyar. Ya ga ma'aikaciya ta rubuta sunan Kadiri da na Safia a jikin kowane ƙaramin mazubi a gabansu, ta karanta da ƙarfi, ta sa suka dangwala hannu. Ya tambayi likitan tambayoyin da suka sa likitan ya ce masa, "Kai lauya ne?" Har aka bar shi ya leƙa ta wata tagar gilashi ya ga inda ake ajiye mazuban, kowanne da sunansa. Kadiri ya sayar da ƙaramar motarsa ta biyu. Karon farko bai kama ba. Safia ta yi wata guda ba ta fito da koko ba, aka ce zazzaɓi ne. Karo na biyu ya kama.

A tsakiyar 1996 aka haifi Barikisu. Ni na ɗinka wa Kadiri rigar suna. Mma Amama ta manta da gwiwarta ranar, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Mutane suna ta cewa ikon Allah, bayan shekara goma sha biyu. Mashud yana tsaye gefe yana murmushi shi kaɗai.

Watanni takwas bayan haka, tsakanin ƙaramar salla da babba, labarin tunkiyar nan ya zo. Mashud ya ji shi da Turanci tun safe, kafin azahar benci ya cika. Ya bayyana mana: wasu masana a ƙasar Turai sun ɗauki ƙwayar halitta daga jikin wata tunkiya, sun sa ta cikin ƙwan wata da suka ƙwaƙule abin da ke cikinsa, sun dasa a cikin ta uku. Ta haifi 'yar tunkiya wadda ita ce ta farkon sak, ba tare da rago ya kusanci kowa ba.

Aka yi ta salati. A cikinmu akwai Malam Jibirilu, mutumin Nijar da ke kawo ragunan layya kowace shekara. Mutum ne mai karatu, Hausarsa cikakkiya, irin wadda mu 'yan zango muke saurara da kunne biyu. Ya ce, "Tambayata ɗaya. Wannan tunkiya, wane ne ubanta? Wadda aka ɗebo daga jikinta, uwarta ce ko 'yar'uwarta? Yau tunkiya ce, gobe mutum. In an yi mutum haka, wa zai gada, wa zai gaje shi, wace ce muharramarsa? Allah ya shimfiɗa hanyar zuwa duniya, namiji da mace da aure. Wannan sauya halittar Allah ne, kuma mun san wanda ya yi rantsuwa zai sa 'yan Adam su yi hakan."

Wani mahauci ya tambaya ko irin wannan tunkiya tana layya. Aka yi dariya, Malam Jibirilu bai yi ba. Mashud ya ce shi ma bai yarda a yi wa mutum haka ba, sai dai a sani masanan ba su halicci komai ba, ƙwayar ta Allah ce, ƙwan na Allah ne, sun dai ɗauki wannan sun sa a wancan.

Kwana uku ana wannan gardama. A rana ta huɗu wani direba ya ce, "Ai ba yau suka fara ba. Ba su ne masu yin jarirai a kwalba ba? Duk abu ɗaya ne."

Mashud ya ce ba ɗaya ba ne, na kwalba yana da uwa yana da uba.

Malam Jibirilu ya ce, "Wa ya gani? An rufe ƙofa, an zuba wannan an zuba wancan. Wa ya tabbatar maka na mijin ne? Kai dai a rediyo ka ji, Mashud. Abin da Bature ya ga dama ya faɗa maka, shi kake faɗa mana."

Mutane suka yi dariya, wani har ya tafa. Na ga kunnen Mashud ya motsa. Tun da ya kafa bencin nan ba a taɓa yi masa dariya a kansa ba. Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya ce, "A rediyo? Ni da ƙafata na je, har sau biyar. Da idona na ga yadda ake rubuta suna. A nan ƙasar ake yi, kuma a cikin zangon nan namu akwai yarinyar da aka samu haka, lafiyarta lau, ta fi 'ya'yanku ƙiba."

Aka kalli juna. Ya gaya mini daga baya cewa tun kalmar "yarinya" ba ta gama fita ba ya so ya kamo ta. Ba wanda ya tambaye shi wace ce. Ba a bukatar tambaya. Wace mace Mashud zai raka asibiti sau biyar? Wa ta haifi mace bayan shekara goma sha biyu?

Ni ma ina da nawa kason. Da na koma gida na gaya wa matata, na ce kada ta faɗa wa kowa. Na tabbata sauran mutum tara da ke wurin haka suka ce wa nasu matan.

Kafin Juma'a magana ta tsallaka kwata, kuma a hanya ta haɗu da labarin tunkiya suka zama ɗaya. Aka ce Barikisu ba ta da uba. Aka ce daga naman wani Bature aka yanko ta. Aka ce ba ta da inuwa, wata ta ce ita ta lura jaririyar ba ta kuka irin na mutane. Masu sayen koko suka ragu, sannan suka ɗauke. Wata maƙwabciya da Safia ta raina mata 'ya'ya uku ta fizge ɗanta daga tabarmar da Barikisu ke rarrafe. Safia ba ta san dalili ba sai da wata tsohuwa ta ji tausayinta ta ja ta gefe.

Ta zo shagon da rana tsaka, goye da yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Yaya, kai ne?"

Ya ce, "Ban ambaci sunanki ba."

Ta dube shi, ta gyara goyonta, ta juya.

Shi ma ƙurar ta same shi. Benci ya bushe. Aka fara cewa Mashud ne ya ja ƙanwarsa zuwa inda ake gauraya zuriya, boko ya cinye masa imani. Shi ne mai rubuta wa masallacin unguwa wasiƙun Turanci, kuma a sahun gaba yake salla shekara da shekaru. Yanzu in ya shigo sai ya ga na kusa da shi ya ɗan matsa. Wani ya zo ya karɓe rediyonsa ba a gama gyara ba. Matarsa Mulikatu ta dawo daga kasuwa tana kuka, ta ce ana tambayarta ko nasu 'ya'yan ma na kwalba ne.

Sai yayan Kadiri, wani mai suna Zibrim, ya kai ƙara wurin Liman Abubakari. Ya ce danginsu suna da gida a arewa da gonaki, ba za su yarda a shigar musu da wadda ba a san jininta ba. Liman ya tara su a zaurensa bayan la'asar: Zibrim da dattawa uku, Kadiri, Safia a bayan labule, da wasu daga cikinmu. Malamin da ya ba su fatawa ya riga ya koma ƙasar waje, ba a san yadda za a same shi ba.

Kadiri ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa. Ya ce 'yarsa ce, ya rantse. Zibrim ya ce, "Kai da ba ka karanta Turanci, me ka sani? Abin da aka ce ka dangwala ka dangwala."

Liman ya ce, "An ce akwai wanda ya karanta takardun, ya kuma je wurin. Mashud, kai ne. Faɗa mana abin da ka gani."

Duk ido ya koma kansa. Yana zaune kusa da ni, ina jin numfashinsa. Ya dubi Zibrim, ya dubi dattawan da yake salla a tsakaninsu, ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ni takarda aka kawo mini na karanta. Ban shiga ɗakin da ake haɗawa ba. Abin da ya faru a ciki, Allah ne masani."

Babu ƙarya a cikin kalmomin. Bai shiga ɗakin ba, ta taga ya leƙa. Amma bai faɗi tagar ba, bai faɗi sunayen da aka rubuta a gabansa ba, bai faɗi tambayoyin da ya yi wa likita ba, bai faɗi fatawar da ya ji da kunnensa ba. Mutumin da ya bugi ƙirji a kan benci don a daina yi masa dariya, yau da ake bukatar maganar tasa sai ya naɗe ta. Daga bayan labule muka ji wani ɗan sauti, kamar an taka mutum ya danne.

Liman Abubakari ya yi adalci. Ya ce yarinyar da aka haifa cikin aure, mijin ya ce tasa ce, to tasa ce, za ta gaje shi ya gaje ta. Ya ce wanda ya sake jifan Safia da magana ba tare da shaida ba ya ɗauki zunubi babba. Ya ce batun tunkiya daban, wannan daban, shi ma yana ƙin na tunkiyar, amma kada ƙin abu ɗaya ya sa a zalunci wanda bai yi shi ba. Malam Jibirilu da ke wurin ya ce haka ne, ya kuma ce da ya san gardamarsa za ta faɗa kan matar aure da bai buɗe baki ba.

Amma abin da ya fita daga zauren ya bi unguwa ba hukuncin liman ba ne. Cewa aka yi, "Ko yayanta ya ce Allah ne masani."

Kafin babbar salla Kadiri ya kawo motarsa ƙofar gida, suka loda gado da tukwane, suka koma unguwar da ake kira Malam, can yamma da gari a hanyar Winneba, inda ba wanda ya san su. Safia ta biya ta yi wa Mma Amama sallama. Ba ta biya shagon ba.

A hankali mutane suka dawo bencin Mashud. Na kusa da shi a sahu ya daina matsawa. Ya samu duk abin da ya ji tsoron rasawa, kuma ya ce mini bai taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda ya ji ƙyamar wannan sahun gaban ba. Ya koma salla a baya, kusa da takalma. Ya rame. Yakan kunna rediyo ya bar shi yana ta magana, in an ce ya fassara sai ya ce bai ji ba.

Mma Amama ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Da ta ji yadda aka samu jikarta, cewa ta yi, "To ba daga cikin Safia ta fito ba? Ni na yanke mata cibiya." Shi ke nan. Amma duk la'asar takan zauna a ƙofar ɗaki tana duban hanyar da ta fito daga Mamobi. Mulikatu tana shafa mata man, sai ta ce hannun ba ɗaya ba ne. Daga Malam zuwa Nima mota biyu ce, Safia takan zo wata-wata, ta shigo da hantsi lokacin da ta san yayanta yana shago, ta tafi kafin azahar. Sau biyu Mashud ya je Malam. Kadiri ya tare shi a ƙofa ya ce ba ta nan, alhali yana jin muryarta a ciki.

Da damina ta 1998 tsohuwa ta faɗi a banɗaki. Kwana biyu ta yi tana kiran Safia da Barikisu. Wanda aka aika bai gane gidan da wuri ba, ga ruwa ya cika hanya. Safia ta iso an riga an yi wa gawar wanka.

Ita kaɗai ta zo. Bayan an dawo daga maƙabarta Mashud ya same ta a tsakar gida ya ce, "Ina yarinyar? Mma ta yi ta kiranta."

Ta ce, "Na bar ta inda ba a san ta ba."

Ranar addu'ar arba'in an cika layin da tabarmi da kujeru, har da lasifika. Bayan malamai sun gama, Mashud ya miƙe ya roƙi liman a ba shi abin magana. Ya ce, "Jama'a, ni Mashud na ci amanar ƙanwata sau biyu. Na farko, ta ba ni sirri na yi alkawari da sunan Allah, na tona don kada a ce ban sani ba. Na biyu, an tambaye ni shaida a gaban liman na ɓoye, don ina tsoron ku." Sannan ya faɗi komai: malamin da fatawarsa, sunayen a jikin mazubi, dangwalen hannu, tagar gilashi. Ya ce, "Barikisu 'yar Kadiri ce. Na gani, na sani, tun ranar ma na sani. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kamar yadda kuka yi da waccan."

Wasu suka sunkuyar da kai, ni ina cikinsu. Wasu suka ce ai magana ta wuce, me ya kawo ta wurin addu'a. Zibrim ya tashi ya tafi. Liman Abubakari ya ce, "Allah ya karɓi tubarka. Amma haƙƙin ba namu ba ne, ka san mai shi." Safia ba ta wurin, ta yi addu'arta a gida.

Bayan mako biyu ya sake hawa mota zuwa Malam. Wannan karon ya same ta a waje, tana suyar ƙosai a gaban wani gida da ba a gama ginawa ba, mutane uku suna jira. Ya tsaya har ta sallame su. Barikisu tana zaune a kan wani bulo tana cin ƙosai, doguwar fuska irin ta Kadiri, har da yadda take haɗa gira.

Safia ta ce, "An gaya mini abin da ka yi."

Ya ce, "Ki yafe mini."

Ta juya ƙosan da ke cikin mai, ta kwashe, ta zuba wani. Sannan ta ce, "Na farkon ban riƙe ka da shi sosai ba. Na san bakinka tun ina yarinya. Na biyun ne. Ina bayan labule ina cewa a raina, yanzu Yaya zai yi magana, yanzu komai zai ƙare. Har na fara gyara mayafina in fito." Ta share fuska da gefen zane. "Na yafe maka saboda Allah, don ina so ni ma a yafe mini. Amma ba zan koma Mamobi ba, kada ka roƙe ni. Kuma Kadiri nasa daban ne, ba zan sa baki ba."

Ya ce ya ji. Ta zuba masa koko a kofi, ya sha a tsaye.

Tun daga nan yake zuwa Lahadin farkon kowane wata. Yakan sayi biskit da lemo a mahaɗar Malam ya riƙa. In Kadiri yana gida, sai ya amsa sallama, ya ba shi hannu, ya ɗauki buta ya fita, ba ya dawowa sai baƙo ya tafi. Safia wani lokaci ta yi hira, ta tambayi Mulikatu da yara, wani lokaci ta bar shi zaune ta ci gaba da aikinta. Zibrim bai taɓa zuwa ba, kuma har yau akwai matan Mamobi da in an ambaci yarinyar sai sun rage murya.

Lahadin ƙarshe da ya je a 1999, Barikisu ta cika uku da rabi, ta saba da shi har tana hawa cinyarsa tana wasa da tabaransa. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta gan shi, ta ce wa yarinyar, "Barikisu, wane ne wannan?"

Yarinyar ta ce, "Baƙonmu ne. Mai biskit."

Safia tana tsugune tana wanke wake, ta ji. Hannunta ya tsaya a cikin ruwan na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da wanki.

Washegari da safe ya gaya mini wannan ta cikin bangon katako, ban ga fuskarsa ba. Na ce to me ka ce? Ya ce ruwa kawai ya sha ya yi sallama. Can na ji ya jawo kujera, ya tambaye ni ko an kawo wuta, don akwai rediyon wata tsohuwa da ya yi alkawarin gamawa kafin azahar.